Yajin Aiki, Kotu, Majalisa ko Teburin Sulhu: Wacce Za Ku Bi Idan Tsarin Gwamnati Ya Taɓa Ku?

Duk ƙungiyar da sabon tsarin gwamnati ya taɓa wa abinci, 'yan kasuwa ne aka ƙara wa haraji, malamai ne aka riƙe wa alawus, ko masu adaidaita sahu aka hana bin wani titi, taronta na gaggawa yakan rabu gida uku. Matasa su ce a ajiye aiki gobe-goben nan. Wani mai ƙane lauya ya ce a garzaya kotu. Dattawa su ce a yi haƙuri a nemi ganin Gwamna. Da wuya ka ji wanda ya ambaci majalisa, sai in yana da ɗan gida a can. Kowa kuma da labarin da zai kafa hujja da shi, domin kowacce cikin hanyoyin nan huɗu ta taɓa fisshe wasu, ta kuma taɓa kai wasu ta baro.

In aka jera manyan takaddamomin da aka yi a Najeriya daga 2012 zuwa yanzu, za a ga cewa gaskiya ita kaɗai ba ta taɓa isar kowa ba. Abin da ya fi yanke yadda rigima ke ƙarewa shi ne wanda jinkiri ke ci a cikin ɓangarorin biyu, da ko abin da ake ja a kai yana rabuwa, sai kuma hannun da za a danƙa wa aiwatar da matsayar. Da waɗannan ya kamata shugabanni su auna kafin a ce a ɗaga hannu.

Mu fara da yajin aiki, tunda shi ya fi farin jini. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Matasa a Kano suka mamaye dandalin Silver Jubilee, na Legas suka cika Ojota. Ranar 9 ga wata manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka tsunduma yajin aiki, kasuwanni da bankuna da filayen jirgin sama suka tsaya cak, ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta PENGASSAN kuma ta yi barazanar dakatar da haƙo ɗanyen mai. An rasa rayuka. Ranar 16 ga wata Shugaban Ƙasa ya sanar da naira 97, 'yan ƙwadago suka janye. Mako guda ke nan.

Abubuwa biyu suka haɗu a wannan karon. Raɗaɗin tsayawar ƙasa a jikin gwamnati yake sauka kai tsaye, kowace safiya ta fi ta jiya zafi, ga Kudu da Arewa, Musulmi da Kirista, sun yi magana da murya ɗaya. Sannan abin da ake ja a kai lamba ce, tsakanin 65 da 141 kuwa akwai wurin tsayawa da yawa. Jonathan ya samu bakin cewa bai koma gidan jiya ba, 'yan ƙwadago suka samu bakin cewa sun rage wa talaka nauyi.

Yanzu a ajiye wannan kusa da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Wa jinkirin ya ci? Ɗalibin da kuɗin hayar ɗakinsa a Samaru ko Ɗanbare ya ƙare bai kwana a ciki ba, ya koma gida yana koyon ɗinki ko gyaran waya. Yarinyar da saura mata zango ɗaya ta gama, gida suka gaji da jira aka ɗaura mata aure. Mai shagon kwafin takardu a bakin ƙofar jami'a da ya rufe. Su kuma malaman aka tsayar musu da albashi, bisa sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago da ya ce ba aiki ba biya. A ɗaya ɓangaren fa? Albashin minista bai tsaya ba, man fetur bai daina fita ba. A tsakiyar yajin aikin jam'iyyu suka yi zaɓukan fid da gwani, APC na sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, ana ta saye. Ƙarshenta Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya kai maganar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ta ba da umarnin komawa aji a watan Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce sai an bi umarnin kafin a saurari ASUU, ma'aikatar kuma ta yi wa kishiyoyi biyu rajista, CONUA da NAMDA. Aka koma aji ba tare da an kammala sabunta yarjejeniyar da ASUU ta ƙulla da gwamnati a 2009 ba. Albashin wata huɗu daga cikin takwas ɗin sai a 2024 aka biya.

Kada a ɗauka raina gwagwarmayar malaman nake yi. Asusun tallafa wa manyan makarantu da ya zama TETFund a yau daga yarjejeniyar ASUU ta 1992 ya samo asali, zamanin Attahiru Jega yana shugabanta, kuma duk wanda ya zaga jami'o'inmu ya san rabin sababbin gine-ginen da sunan wa aka rubuta a jikinsu. Cire jami'o'i daga tsarin biyan albashi na IPPIS da majalisar zartarwa ta amince da shi a Disambar 2023 ma ba daga sama ya faɗo ba. Magana ce ta tsawon yajin aiki. Daga ranar da jama'a suka saba da rashinku, kowace rana da kuka ƙara daga aljihunku take fita.

'Yan ƙwadago sun nuna sun gane haka a 2024, lokacin ja-in-ja kan mafi ƙarancin albashi. Sun fara da neman naira 615,000, gwamnati ta fara da tayin 48,000. Ranar 3 ga Yuni suka shiga yajin aiki, aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, jirage suka kasa tashi. Washegari suka jingine shi, suka koma teburi da barazanar a hannu. A watan Yuli aka tsaya a 70,000, tare da rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Mutum na iya cewa kuɗin bai kai ya kawo ba, kuma da gaskiyarsa in aka dubi farashin buhun shinkafa, amma daga 30,000 aka taso, kuma babu wanda ya rasa albashin wata takwas. Haka masu adaidaita sahu a Kano, a 2021 da farkon 2022: 'yan kwanaki kaɗan ma'aikata da 'yan makaranta suka yi suna takawa a ƙasa aka kira shugabanninsu zama, domin gari ba ya iya sabawa da rashinsu.

Zanga-zanga 'yar uwar yajin aiki ce, sai dai ta fi shi wuyar riƙo. Doka ta yarda da ita. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba da 'yancin taro, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta yanke tun 2007, a ƙarar da ANPP da wasu jam'iyyu suka kai Sufeto Janar, cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba. Amma ta watan Agustan 2024 ta nuna iyakarta. Yunwar da ta fito da mutane gaskiya ce, sai dai buƙatun sun yi yawa, babu kuma wani shugabanci da za a zauna da shi a ce ga abin da za a bayar a koma gida. Da ɓata-gari suka shiga a Kano da wasu garuruwan Arewa aka fasa shaguna da ofisoshi, sai dokar hana fita ta biyo baya, zance ya tashi daga tsadar rayuwa ya koma kan tsaro da yaran da aka gurfanar a Abuja. Tallafin mai da Shugaba Tinubu ya cire a 2023 bai dawo ba. Da ma yanayin ya sha bamban da na 2012, tunda manyan 'yan takara uku na zaɓen 2023 duk sun yi alkawarin cire shi, ba a bar wa masu adawa wata ɓaraka a sama da za su shiga ta ciki ba.

Kotu ita ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Alƙali ba ya duba ko tsari na da kyau ko yana cutar da talaka. Abin da yake dubawa shi ne ko wanda ya yi shi yana da hurumi, ko kuma ya bi matakan da doka ta shimfiɗa. Babi na biyu na kundin tsarin mulki ya cika da alkawuran ilimi da walwala da rabon arziki, amma sashe na 6(6)(c) ya cire wa kotuna hannu daga tilasta su. Don haka in kukanku shi ne haraji ya yi yawa, alhali an bi ƙa'ida wajen sa shi, kuɗin lauya kawai za ku yi asara. In kuwa kukanku shi ne babu dokar da ta ba hukumar ikon karɓarsa, to nan kuna da magana.

Sauya fasalin naira shi ne misalin da kotu ta yi rana. A Oktoban 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa ƙarshen Janairun 2023 wa'adin daina karɓar tsofaffi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya tuna layukan na'urar cire kuɗi tun asuba, da masu POS da suka koma sayar da naira da naira, da mai tumatir da kayanta ke ruɓewa don masu saye ba su da tsaba ita kuma ba ta da asusun banki. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wasu suka bi sahu, ranar 3 ga Maris kotun ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Wata guda aka yi aka gama. To amma a lura da waɗanda suka kai ƙarar. Gwamnoni ne, kuma sashe na 232 na kundin tsarin mulki ya ba jiha damar shiga Kotun Ƙoli kai tsaye in tana rigima da Tarayya. Ƙungiyar 'yan kasuwa daga ƙasa za ta faro, ta sha ɗage-ɗage da ɗaukaka ƙara, shekaru na tafiya. Duk da wannan gata, bayan hukuncin sai ka miƙa wa mai shayi tsohuwar dubu ya juya ta gaba da baya ya mayar maka, shi jira yake ya ji daga bakin Buhari ko Babban Banki. Sai ranar 13 ga Maris bankin ya fito ya ce a bi umarnin kotu, sannan kasuwa ta saki jiki.

Wannan giɓin na kwana goma shi ne ya zama na shekara da shekaru a batun ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni kuma ba su da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aka yi ta murna. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe, jam'iyyar gwamna ta lashe kusan komai a kusan ko'ina, shekara ta zagayo ana ta ƙorafin kuɗin bai fara zuwa kai tsaye ba. Hukuncin da ke cewa a daina abu ya fi saurin aiki, domin da zarar an tsaya an bi shi. Wanda ke cewa a gina sabon tsari kuwa yana komawa hannun mutanen da aka kayar, su ne za su buɗe asusu, su ne za su sa hannu.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a takardar lauya. Ranar da kuka shigar da ƙara, Kwamishinan da jiya yake amsa wayarku ya samu mafaka, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce magana na gaban kotu.

Majalisa fa? A nan, a ganina, ƙungiyoyinmu suka fi yin sakaci, kuma harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan da aka saya, ya ba mu damar gwada ta da kotu a kan abu guda. A Agustan 2021 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce Jihar Ribas ce ke da ikon karɓar VAT ɗinta, zamanin Nyesom Wike. Wata guda bayan nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake, magana ta tafi Kotun Ƙoli ta kwanta. A Oktoban 2024 sai Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin haraji huɗu da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, ciki har da shirin raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda aka samo harajin, da ɗaga VAT a hankali har zuwa kashi 15. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna a ƙarshen watan suka ce ba su yarda ba. Gwamna Zulum da Sanata Ndume suka yi ta magana a kafafen yaɗa labarai. Majalisar tattalin arziki ta ƙasa ta ba da shawarar a janye ƙudurorin, Shugaban Ƙasa ya ce a bar su su bi matakan majalisa. Aka kai ruwa rana.

Ba a rufe titi ba, ba a je gaban alƙali ba. A Janairun 2025 gwamnonin ƙasar gaba ɗaya suka fito da lissafin tsaka-tsaki: kashi 50 a raba daidai, 30 bisa inda aka samo harajin, 20 bisa yawan jama'a. Aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, aka gyara sassa da dama, VAT ya tsaya a kashi 7.5, kason jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55, ranar 26 ga Yunin 2025 aka sa hannu. Abin da ya sa ta yiwu a fili yake. Masu adawa suna da ƙuri'u a zauren da ba za a iya tsallake su ba, Shugaban Ƙasa yana hangen 2027, an tada maganar tun takarda ba ta zama doka ba, kuma rigimar ta kaso ce, kaso kuwa yana yankuwa. Abin da aka samu ta nan yana daɗewa, domin sai an sake wata dokar kafin a ƙwace shi.

Sai dai a bambance doka da ƙudurin jan hankali. 'Yan majalisa na son tashi su gabatar da kukan mazaɓa, a amince, a sa a rediyo, amma wannan shawara ce kawai ga ɓangaren zartarwa. Ko a 2012 Majalisar Wakilai ta yi zaman gaggawa ranar Lahadi ta nemi a dawo da tallafi, ba shi ya sauko da farashin ba. Majalisun jihohi kuma galibi inda Gwamna ya kalla nan suke kallo. Duk da haka dokar kuɗin shiga ta jiha da kasafin shekara ta hannunsu suke bi, kuma ƙungiyar da ta kai wa shugaban kwamiti takarda shafi biyu da lissafi a ciki, tun ana karatu na biyu, ta fi wadda ta zo da kwalaye bayan Gwamna ya sa hannu.

Teburin sulhu ba sai an yi dogon bayani ba, tunda duk sauran hanyoyin can suke ƙarewa. Shi ya fi arha, shi ya fi sauri, shi ne kuma ya fi saurin cin amana. ASUU na da yarjejeniyar 2009 da takardun fahimtar juna na 2013 da 2017 da 2019 da 2020, duk da sa hannun manya. Takardar da ba ta faɗi nawa ba, da ranar biya, da layin kasafin da kuɗin zai fito, wadda kuma mai riƙe da baitulmali bai sa wa hannu ba, hoto kawai aka ɗauka da ita. Sarki ko babban malami ko Kakakin Majalisa, kamar yadda Femi Gbajabiamila ya shiga tsakani a rikicin ASUU a 2022, suna iya buɗe ƙofa su sanyaya zukata, su kuma ba mai mulki hanyar sauka ba tare da jin kunya ba, wanda babban abu ne, domin gwamnoni da yawa sun fi tsoron a ce an tanƙwara su fiye da asarar kuɗin. Amma ba su ke biya ba. Wani abin lura shi ne, da zarar rigima ta ɗauki launin ƙabila ko addini, teburi ya rasa abin yankawa. Shirin Ruga na 2019, na ware wa makiyaya matsugunai, ko wata guda bai yi a bainar jama'a ba aka dakatar da shi a farkon Yuli, domin tun kafin a zo maganar hekta nawa da jiha nawa, an riga an karanta shi a matsayin ƙwace ƙasa. In kuna da buƙata, ku yi iya yinku ta tsaya a maganar naira da kwabo.

To wacce za ku ɗauka? In tsarin bai zama doka ba tukuna, ku tafi majalisa da teburi a lokaci guda, ku nemi wasu da abin ya shafa daga wajen sana'arku da yankinku. In an riga an fara aiwatarwa kuma lauya mai gaskiya ya nuna muku sashen da aka taka, kotu ta dace, musamman in abin da kuke nema a dakatar ne. Yajin aiki na wanda gari ba zai iya kwana uku babu shi ba ne, kuma gara gajere mai wa'adi, a jingine shi tun yana da kaifi. In ku ne za ku fara jin yunwa kafin wanda kuke yi dominsa, ku bar shi a matsayin barazana. Zanga-zanga kuwa sai da buƙata ɗaya tak, da shugabannin da aka sani, da masu tsare sahu.

Kafin taron ya watse, sakatare ya tashi da aiki uku. Ya ƙirga abin da ke asusun ƙungiya, a san kwana nawa mambobi za su iya ci ba tare da fita aiki ba. Ya rubuta wa hukumar takarda bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ta kwana bakwai ta amsa, a nemi kwafin dokar ko sanarwar da ta dogara da ita. Sannan ya rubuta ranar da tsarin ya fara aiki, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara a kansu, in ban da wasu keɓantattun yanayi, wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwar wata guda kafin a kai su kotu. Ƙungiyar da ta shafe wata huɗu tana zaryar ofishin Kwamishina tana iya isa gaban alƙali ta tarar lokaci ya riga ya ƙure mata.